Doguwar ciyawa a jiƙaƙƙen fili: taraktar lambu mai jan inji, ko wata dabarar?

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Oktoba, duk mai fili a fadama ko a kwarin da ke riƙe ruwa ya san halin da ake shiga. Gamba ta wuce kan mutum, kyasuwa ta cike gefe-gefe, ƙasa kuwa in ka taka sai ruwa ya tsattsafo. A daidai wannan lokacin ne masu gonar kiwo, da masu lambun mangwaro da gwaiba, da masu kula da makarantu masu faffaɗan fili suke fara sa ido a kan ƙananan taraktocin nan 'yan gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka da Turai. Tambayar kusan kullum ɗaya ce: idan na sayi wannan, na ɗaura mata injin yankan ciyawa a baya, za ta share mini wurin nan?

A wani filin za ta share, har ka yi mamakin saurinta. A wani filin kuma kuɗinka kawai za ka binne a laka. Abu biyu ne ke raba tsakani, kuma babu ɗayansu da aka rubuta a jikin inji: ko ƙasarka za ta ɗauki nauyin taya a ranar da kake son yin aikin, da kuma abin da kake nufin yi da ciyawar bayan ta faɗi. Mai son ya ga fili fes don macizai su rasa maɓoya, da mai son ya tara ingirici don shanunsa su ci a watan Maris, ba inji ɗaya suke buƙata ba, ko da kuwa filayensu na maƙwabtaka da juna.

Fara da abin da zai yi jan

A ƙasashen da ake ƙera su, taraktocin nan iri biyu ne masu kama da juna a ido. Akwai wadda aka yi don askin gajeriyar ciyawar ƙofar gida, irin wadda ake ragewa duk mako. Akwai kuma taraktar lambu ta ainihi, wadda aka yi don ta ja ƙaramar garma da haro da tirela, irin wadda kamfanin International Harvester ya fara fitarwa da sunan Cub Cadet a farkon shekarun 1960, John Deere kuma ya biyo da samfurin 110 a 1963. Dillali zai nuna maka lamba 20 ko 22 a jikin murfi ya ce ƙarfin doki ke nan, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai duka iri biyun suna iya ɗaukar wannan lambar. Bambancin yana ƙarƙashin kujera.

Tsuguna ka dubi tayar baya. Ta mai askin gida tsayinta inci 18 zuwa 20 ne, an zura ta a kan siririn shaf, an tokare da ɗan ƙarfe. Ta taraktar lambu inci 23 zuwa 26 ce, an ɗaure ta da notuna huɗu ko biyar yadda ake ɗaure ta mota. Sannan ka leƙa giyabos ɗin da ke tsakanin tayoyin biyu. Yawancin masu askin gida na zamani suna ɗauke da ƙaramin giyabos otomatik mai aiki da matsin mai, kuma wanda ya fi yawa shi ne K46 na kamfanin Tuff Torq, mai jikin alminiyam da shaf mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci. Yayyensa irin su K66 da K72 sun fi shi girma da juriya nesa ba kusa ba.

Dalilin da ya sa nake tsayawa a kan wannan shi ne, jan nauyi a hankali na tsawon awanni shi ne aikin da ya fi cin irin wannan giyabos. Man da ke cikinsa yana ɗaukar zafi, abin da ke sanyaya shi kuma 'yar fanka ce ta roba a samansa. Jiƙaƙƙiyar ciyawa da ƙaiƙayi su liƙe a jikinsa su toshe hanyar iska, ga zafin ranarmu, sai man ya tsinke, tarakta ta fara sanyin jiki. Da yawa daga cikin K46 an rufe su ne ba tare da wurin juye mai ba, dole sai an sauke shi gaba ɗaya. A wurina, tsohuwar tarakta mai giyar hannu da giyabos na zubin ƙarfe, ko da fentinta ya koɗe, ta fi sabuwar mai askin gida dacewa da wannan aikin.

Ko an sami giyabos nagari, saura maganar kama ƙasa, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke shan mamaki. Ƙarfin jan tarakta yana bin nauyin da ke kan tayoyinta na baya ne. A busasshiyar ƙasa mai tauri takan ja kusan rabin wannan nauyin, a kan laka da jiƙaƙƙen ganye kuwa ya kan sauko zuwa rubu'i ko ƙasa da haka. Mu ƙaddara tarakta mai kilo 250, direba mai kilo 70. Abin da zai hau tayoyin baya bai wuce kilo 200 ba, wato a santsi jan da za ta iya bai fi na kilo 50 ba. Da wannan ɗan jan ne za ta tura kanta, ta kuma jawo injin da ya kai kilo 200 zuwa 300 a kan 'yan ƙananan tayoyi masu nutsewa. Injin yana da sauran ƙarfi sosai, amma taya ɗaya tana ta juyi a wuri guda tana haƙa wa kanta rami, ɗayar kuma tana tsaye cik.

Akwai gyare-gyaren da ke taimakawa. Tayar da suke zuwa da ita mai ƙananan zane ce don kada ta ɓata ciyawar gida, laka tana cike zanen nan take ta koma sumul. A canza ta da mai manyan haƙora irin na babbar tarakta, ko a ɗaura mata sarƙa. A rage iska kaɗan don tayar ta baje. Ana ɗura ruwa a cikin tayoyin baya don ƙarin nauyi, kuma mu a nan ruwa zalla ya isa in akwai tub a ciki, tunda ba mu da sanyin da zai daskarar da shi. Injin askin da ke rataye a ƙarƙashin taraktar kuwa a kwance shi a ajiye, domin gamba a dunƙule take fitowa, gindinta tudu ne mai tauri, shi zai fara maƙalewa a kai ya ɗage tayoyi daga ƙasa. Mafi amfani duka shi ne fedar da ke kulle tayoyin baya su juya tare, wadda ake samu a wasu samfura irin su John Deere X570 zuwa sama. Sai dai a lura: ƙara nauyi da kama ƙasa a kan ƙaramin giyabos yana gaggauta mutuwarsa, domin santsin da tayar ke yi shi ne a da yake rage masa wahala. A ƙasa mai laushi sosai kuma, ƙarin nauyi ƙarin nutso ne.

Injinan da ake ja

Taraktar lambu yawanci ba ta da shaf ɗin PTO na baya, wato wanda ke juya injin da aka ɗaura wa tarakta, mai juyi 540 a minti irin na manya, saboda haka abin da za ta ja sai ya zo da injinsa na kansa. Mai faɗin nan mai wuƙaƙe biyu ko uku sirara, wanda aka yi don filin ƙwallo, a cire shi daga lissafi tun yanzu. Ciyawar da ta wuce gwiwa ta fi ƙarfinsa.

Wanda aka fi gani shi ne mai fanka, ƙanin silasha, wato injin saran ciyawa na babbar tarakta. Kamfanoni irin su Swisher na jihar Misuri da DR na jihar Bamon suna yin mai faɗin inci 44 da inji mai doki 11 zuwa 15 ko fiye. Wuƙaƙensa biyu ne masu kauri, an rataye su a kan noti yadda in sun daki kututture za su lanƙwashe baya maimakon su karye. A busasshen fili babu kamarsa wurin rashin tsoro: kalgo, tohon giyayya, gumbi, duk sara yake ya wuce.

Jiƙaƙƙiyar doguwar ciyawa kuwa ita ce rauninsa. Ɗanyar ciyawa kusan kashi 80 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Wuƙar takan sare ta, ta sake sarewa, tana zagayawa da ita a ƙarƙashin murfi saboda ta rasa hanyar fita. Kana kan kujera za ka ji ƙarar injin baya ta sauya, ta yi nauyi, tana ja da baya, sannan warin ƙonannen bel ya biyo. In ka kashe ka ɗaga murfin, za ka tarar da koren kwaɓi mai ɗumi ya liƙe a ciki, kaurinsa ya kai tafin hannu, dogayen kara kuma sun nannaɗe a wuyan shaf tam, sai da wuƙa za ka yanke su. Abin da ya samu fita kuma yana zube a bayanka tsibi-tsibi, kwana uku ya yi baƙi ya fara wari, ya kashe tohon da ke ƙarƙashinsa. Dabba ba ta cin wannan.

Akwai wata matsalar da ta shafi duk abin da ake ja a baya: tarakta ce ke fara shiga, tayoyinta da cikinta su kwantar da ciyawar a cikin laka kafin wuƙa ta iso. Wuƙar ta wuce ta sama, bayan kwana biyu sai ka ga layi biyu na ciyawa sun miƙe tsaye a duk inda ka bi. Maganin wannan shi ne sandar ja mai karkatawa gefe, yadda taraktar za ta bi inda aka riga aka yanke, injin kuma ya ci sabon layi a gefenta. Duk injin da ba shi da wannan, ni ba zan saye shi don doguwar ciyawa ba. Amma jan gefe yana fizgar bayan tarakta, a santsi sai ka ga gabanta na zamewa.

Na biyu shi ne mai ganga: gangar ƙarfe ce a kwance, an rataya mata ƙananan wuƙaƙe ko gudumomi masu yawa, tana juyawa da gudu. Yana niƙe ciyawa ƙanana ya shimfiɗa ta daidai a duk faɗinsa, saboda haka ba ya barin tsibin da ke ruɓewa, kuma ba ya cilla dutse nesa. A lambun itatuwa, ko kusa da ajujuwa da hanya, wannan babbar fa'ida ce. Yana da wata fa'idar da ta shafe mu musamman. Yawancin masu ganga suna aiki da inji mai shaf a kwance, irin Honda GX390 da kwafinsa na Sin, dangin injin ban-ruwa da janareto, wanda kowane bakanike ya sani, kuma in ya mutu ana samun sabo a kasuwa a ɗora. Mai fanka kuwa injinsa mai shaf a tsaye ne yana kallon ƙasa, na Briggs & Stratton ko Kohler ko Kawasaki, samun madadinsa a nan aiki ne. Aibin mai ganga shi ne ya fi kowa cin ƙarfi, dole a tafi a hankali ƙwarai, dogayen kara suna naɗewa a bakin gangar su kashe boris, birgimar da ke bayansa kuma tana tara laka har ta daina juyawa.

Na uku shi ne wanda na fi so a jiƙaƙƙiyar ciyawa, wato mai haƙora. Doguwar sanda ce a kwance dab da ƙasa, wuƙaƙe masu kusurwa uku suna kai-komo tsakanin yatsun ƙarfe kamar injin aski. Sau ɗaya yake yanke kowane kara, daga gindi, ya bar shi ya kwanta da tsawonsa. Tunda ba niƙa yake ba, tsawon ciyawa da jiƙewarta ba su dame shi sosai ba, ƙarfin da yake nema kuma kaɗan ne. Kafin zuwan tarakta, dawaki biyu ne ke jan irinsa mai tsawon ƙafa biyar ko shida a gonakin Turai da Amurka. Ciyawar da ya zubar ana iya juya ta, ta bushe, a ɗaure dami-dami.

Shi ma yana da halinsa. Ciyawar da iska ta kwantar ta cakuɗe, da tsohuwar ciyawar bara da ta ruɓe a ƙasa, da wadda aka riga aka yanke, duk suna cushe yatsun, dole ka tsaya ka ja baya ka share. Waya ko dutse yana karya haƙori, ko da yake haƙori ɗaya ake cirewa a sa wani. Girgizarsa tana kwance notuna, yana son mai da wasawa kullum. Mai wuƙa biyu masu gilma juna, marar yatsu, ya fi jure cushewa. Babbar matsalar ita ce samun irinsa wanda taraktar lambu za ta ja. Akwai tsofaffi da ake ɗaurawa a gefen taraktocin da, amma sun yi ƙaranci, kayan gyaransu ma haka. Mai karɓar ƙarfi daga juyin tayarsa kuma bai dace da laka ba, domin da zarar tayar ta yi santsi wuƙa ta tsaya.

In an bar maganar ja gaba ɗaya

Wannan ne ya kawo mu ga tarakta mai taya biyu, wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannuwanta. Kamfanin BCS na Italiya, wanda Luigi Castoldi ya kafa a garin Abbiategrasso a 1943, da irin wannan injin yankan ciyawa ya fara. Sandar haƙoran tana gaba, saboda haka ciyawa tana faɗuwa kafin taya ta taka ta. Duka abin bai fi kilo 100 zuwa 150 ba, babu nauyin direba a kai, in ya kafe mutum biyu sun isa su fizgo shi. A makiyayun fadama na Jamus da Ostiriya da Suwizalan, inda ƙasa ke lotsawa, irin wannan ake amfani da shi, har kamfanin Brielmaier ya yi suna da faffaɗan tayoyin ƙarfe masu ƙayoyi da ke baza nauyi a kan taɓo. Kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu, amma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurin manoman shinkafa na Kura da Kadawa da Kebbi, waɗanda suka saba sa wa ƙaramar taraktar hannu tayoyin keji na ƙarfe su shiga ruwa da ita.

Injin girbin shinkafa na hannu ma mai haƙora ne, faɗinsa kusan mita 1.2, yana yanka yana kwantar da kara a gefe a jere. A ciyawar da ke tsaye, wadda ba ta wuce ƙugu ko ƙirji ba, yana aiki da kyau, kuma wanda ke yankin shinkafa zai iya samun na haya da mai gyaransa. Gambar da ta kai mita biyu ta yi kara mai kauri kuwa ta wuce abin da aka ƙera shi dominsa.

Babbar tarakta irin Massey Ferguson 375 da silasha mai faɗin mita ɗaya da rabi za ta cinye hekta cikin awa biyu, kuma haya za ka yi, ba saye ba. Amma nauyinta ya haura tan biyu. A jiƙaƙƙiyar laka za ta bar maka kwaruruka masu zurfi da za su bushe su yi tauri, ka yi shekara kana tuntuɓe da su, ta kuma danne ƙasar yadda ruwa zai ƙara kwanciya baɗi. Lokacinta shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba.

Sai injin rataye a kafaɗa, mai faifan ƙarfe mai baki uku. Shi ne mafi araha a cikin injina, yana shiga inda ruwa ya kai idon sawu, yana bin gindin itace da bakin rami, ciyawar kuma tana faɗuwa da tsawonta. Hekta guda za ta ci wa mutum ɗaya kwanaki, kafaɗa da hannu kuma za su gaya masa. Lauje ma kada a raina shi. Ga wanda filinsa bai wuce eka ɗaya ko biyu ba, kuma sau ɗaya ko biyu zai yanka a shekara, kuɗin 'yan ƙwadago na shekaru da yawa bai kai kuɗin tarakta da injinta ba, wani lokacin ma masu kiwo za su yanke su kwashe ba tare da ka biya ko sisi ba. Inda ruwa ke kwance sosai, kamar kachalar da ta addabi fadamun Haɗeja da Nguru, babu mai taya da zai shiga. Can sai a yanke ta a ƙarƙashin ruwa don saiwar ta rasa iska.

Lissafin awa da fetur

Hanyar ƙiyasi mai sauƙi ce: faɗin yanka a mita, sau gudun tafiya a kilomita cikin awa, a raba da 10, shi ne hekta a awa. Inci 44 mita 1.1 ne. A gudun kilomita 3, hekta 0.33 ke nan, in aka cire juyawa da tsayawa ya dawo kusan rubu'in hekta, wato awa 4 a kan hekta guda. Wannan a busasshen fili ne. A doguwar jiƙaƙƙiyar ciyawa dole ka ci rabin faɗi kawai don kada injin ya shaƙe, awa 4 ta koma 8. Kuma zagayen farko a ɗage ake yinsa, a saita wuƙa can sama, a bari ya sha iska kwana ɗaya ko biyu, a dawo a sassauko, wanda zai ƙara awa 3 ko 4. Duk wannan lokacin injina biyu ne ke shan fetur. In muka ƙaddara su biyun suna shan lita 5 a awa, hekta ɗaya ta tashi daga lita 20 zuwa wajen lita 60. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba lissafin da za a kau da kai a kansa ba ne. Mai haƙora a gaban tarakta mai taya biyu, faɗin mita 1.2 a gudun tafiyar ƙafa, zai gama hektar cikin awa 4 zuwa 5 a zagaye ɗaya, da ƙaramin inji guda mai shan wajen lita 2 a awa.

Wani zai ce to a jira ƙasa ta bushe mana. Ga mai son shara kawai, wannan ita ce shawara mafi kyau, mako biyu ko uku na haƙuri suna rage rabin wahala. Mai kiwo ne ba shi da wannan damar. Gamba da 'yan'uwanta sun fi amfani ga dabba kafin su fitar da kai, da zarar sun yi fure sai ganye ya ragu, kara ya yi tauri, sinadarin gina jiki ya faɗi da sauri. Masana a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, sun daɗe suna aiki a kan ciyawar kiwo, kuma shawarar da ake bai wa masu ingirici ita ce a yanka da wuri. Ke nan lokacin da ciyawa ta fi daraja shi ne lokacin da ƙasa ba ta gama tsanewa ba, shi ya sa injin mai kiwo dole ya zama marar nauyi. A bar gindi kamar santimita 15 don ta sake tohowa, a kuma nemi tazarar kwana biyu ko uku na rana, domin ciyawar da aka tara da danshi funfuna take yi.

Kafin ka shigar da kowane mai taya, gwada ƙasar da ƙafarka a wurin da ya fi kwari. Danna dunduniya da duk nauyinka, ka ɗaga, ka tsaya ka duba. In sawun bai yi zurfi ba kuma ya zauna a bushe, shiga. In ya lotsa kamar zurfin gaɓar yatsa biyu, gefensa na ƙyalli, ruwa ya fara taruwa a ciki kafin ka ƙirga goma, taraktar lambu da injin ja za su kafe a nan. Ko a ranar da ƙasa ta yarda, a jira raɓa ta kaɗe, a fara bayan hantsi ya ɗaga sosai ko bayan azahar.

Hatsarin da ke ciki

Ina roƙon duk wanda zai yi wannan aikin ya ɗauki wannan ɓangaren da gaske. Bakin wuƙar mai fanka yana gudun da ya haura kilomita 250 a awa, dutse ko guntun ƙarfen da ta ɗauka yana iya tafiya mita da yawa da ƙarfin da zai fasa ido ko kai. Yara kuwa sabon inji suke bi. A sa babban mutum ya tsare su nesa. Injin da ake ja yana bayanka, ba ka ganinsa, kuma in ka faɗo daga kujera shi bai san ka faɗo ba, sai in an jawo makashinsa zuwa kusa da hannunka. Kada a sa hannu a ƙarƙashin murfi sai an kashe an kuma zare wayar fulogi. A ɗaura sandar ja a maɗaurinta na ƙasa kawai, domin ja daga sama da shaf ɗin baya yana ɗaga gaban tarakta ta kife a kan direba cikin ƙiftawar ido, haka ma lokacin fizgo wadda ta kafe. Gangaren da ya wuce digiri 15 masu ƙera su da kansu sun hana, a jiƙe kuma ƙasa da haka ma hatsari ne, don injin baya yana turo tarakta.

A cikin ciyawar da ta fi ka tsayi ba ka ganin suri, ko kututture, ko tsohuwar rijiyar lambu. A zagaya da ƙafa tukuna, da dogon takalmin roba da sanda saboda kasa da gamsheƙa da kububuwa, a kafa alama a duk abin da aka gani. In an tashi aiki a kankare ƙarƙashin murfi kafin tsatsa ta ci shi, a share ragar iskar inji da kewayen salansa, don abin da ya liƙe yau a jiƙe gobe busasshe ne a jikin ƙarfe mai zafi.

To wanne za a ɗauka?

Mai neman abincin dabbobi a fili mai danshi, hekta ɗaya zuwa biyar, ya nemi mai haƙora a gaban tarakta mai taya biyu. Ban ga abin da ya kama ƙafarsa a wannan aikin ba. Mai lambu ko makaranta da ke son wuri ya zauna a share, ƙasarsa kuma tana tsanewa kwana biyu bayan ruwa, taraktar lambu ta ainihi da mai ganga za su yi masa, da sharaɗin ya riƙa bi duk mako uku ko huɗu tun farkon damina, kada ya bari ciyawa ta wuce gwiwa. Mai fanka na wanda filinsa ke da toho da ƙaya ne, kuma zai iya jiran kaka. Mai babban fili da ke shara sau ɗaya a shekara ya yi hayar babbar tarakta a Nuwamba ya huta. Mai askin ƙofar gida kuwa, komai arharta, a bar ta inda aka gan ta.

Wanda ya tsai da shawara a kan taraktar lambu ta gwanjo, ya fara ɗaukar lambar bel, da boris, da wuƙa, ya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ga ko akwai su ko makamantansu, domin da yawa daga kayan Amurka da awon inci aka yi su, sifanar milimita ba ta zama daidai a kan notinsu. Sannan kada ya yarda da gwajin minti biyar a harabar dillali. Giyabos otomatik da ya gaji lafiya lau yake tafiya in yana da sanyi. A ɗaura mata kaya, a yi ta zagaye da ita rabin awa har man ya ɗau zafi, sannan a nufi tudu da ita. In ta fara kuka tana ja da ƙyar, ko ta tsaya a tsakiyar hawa alhali injin na ruri, giyabos ɗin ya ƙare, kuma kuɗin wani zai iya kusan kai kuɗin da aka sa wa taraktar.